Ɗanyen Yaɓe a Bayan Rumbu

Sufeto Maharazu yana tsoron tsani. Ya kama 'yan fashi a hanyar Ribah, ya sha shiga tsakanin masu gatari, amma da zarar ƙafarsa ta bar ƙasa sai gwiwoyinsa su fara shawara da juna. Ga shi kuma aiki ya kawo shi Zuru, garin da ake shiga rumbu ta sama.

Tsakiyar daminar 1954 aka kawo ƙarar, lokacin da tsohuwar dawa ta ƙare a gidaje, sabuwa kuwa ko kai ba ta fitar ba.

Rumbun na wata 'yar ƙungiya ce da sojojin da suka dawo daga yaƙin ƙasar Bama suka kafa, don ciyar da iyalan waɗanda ba su dawo ba. Da kaka kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ofishin hukuma ya ba su izini bisa sharaɗi: ba a fitar da ko mudu ɗaya sai 'yan kwamiti suna tsaye, mai karɓa kuma ya zo da ƙafarsa, a gaban jama'a. In aka saɓa, a rufe ƙungiya. Yanzu ga dawa ta ragu sosai, kwaɗon murfi kuwa lafiyarsa lau.

Keziah ce mai riƙon mabuɗi, gwauruwar da mijinta ya kwanta a Bama. Mabuɗin na rataye a wuyanta.

"Hau ka gani da idonka, ranka ya daɗe," ta ce, tana riƙe masa tsani.

Sufeto ya dubi tsanin tun daga ƙasa har sama.

"Na yarda da ke, Inna. Ai mu a aikinmu daga ƙasa ake farawa."

Ya zaga bayan rumbun cikin ƙasaita, kamar dama can nufinsa ke nan. A nan ya ga wani wuri kamar faɗin faifai, launinsa ya fi sauran duhu. Ya danna da yatsa. Ɗanyen yaɓe ne. An fasa, an tsiyaye dawa, an mayar an toshe da laka mai haɗin ciyawa, an shafe sumul don kada ruwan sama ya shiga. A jikin shafin akwai sawun hannu, yatsu uku kacal.

"Wanga ɓarawo yana tausayin rumbu," Sufeto ya ce. "Inna, zo ki gani."

Keziah ta zo ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Ni ce," ta ce.

"Ke ce mi?"

"Ni na ɗiba."

"Da mabuɗi a wuyanki kika fasa bango?"

"Mantawa na yi yana wuyana."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙo. Yatsu biyar cif, na dama da na hagu. Sufeto ya ce ta je gida ta huta, in ƙarya ta gaji ita ma ta huta.

Mai gadin rumbun Markus ne, tsohon soja mai dogon wuya. Da ganin Sufeto ya ƙame ya sara.

"Ka taɓa barin wajen nan?"

"Ko sau ɗaya, Sa."

"Har ran kasuwa?"

"Har ran kasuwa, Sa."

"To mai burkutun nan ta bayan mahauta ta ce in gaishe ka. Ta ce kujerarka na nan, ba ta bari kowa ya hau ba."

Sufeto bai san wata mai burkutu ba. Abin da ya sani shi ne kowace kasuwa tana da mahauta, kowace mahauta kuma tana da baya. Wuyan Markus ya rage tsawo.

"Ba gudun aiki na yi ba, Sa. Izini aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

"Shugaba. Kofur Sila. Ran kasuwa yakan zo ya ce, je ka jiƙa maƙoshi, ni zan tsaya. Mutum ne mai tausayin na ƙasa da shi, Sa."

"Na fara lura."

Ya sami Kofur Sila a gonarsa yana maimai. Gajere ne, kakkaura, mai furfura a gefen kai. Da ya hango kaki sai ya ajiye fartanya, ya tura hannun dama cikin aljihun tsohon wandon soja.

"Ina kake ran kasuwar da ta wuce, Kofur?"

"Garin Mahuta na je, gaida mara lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. Wa ya tsare rumbu?"

"Markus."

"Markus ya ce kai."

Sila ya dubi kunyoyin dawa. Sufeto ya miƙa masa hannu.

"Ka ga rashin tarbiyyata, ko gaisawa ba mu yi ba."

Ba a barin hannun babba a iska. Sila ya zaro nasa a hankali. Yatsu biyu sun zauna a Bama.

Suka samu gindin ɗorawa suka zauna. Sufeto ya ɓare goro ya ba shi rabi.

"Keziah ta ce ita ce ɓarauniyar."

Sila ya ɗago da sauri. "Kar ka taɓa ta, Sa. Ba ta san komai ba."

"Ta san hannunka dai. Ina dawar? Gidanka na bi, matarka tuwon dusa take tuƙawa."

Sila ya juya goron a tafinsa.

"Ka san golmo, Sa?"

"Na ji ana faɗi. Ni mutumin Argungu ne, mu da kuɗi muke wahala."

"A nan da ƙarfi ne. In kana son yarinya, kai da abokanka ku yi wa ubanta noma, damina bayan damina, har sai ya ce ya isa. Ni na yi wa Baba Dodo. Saura kaɗan in gama aka ɗauke mu soja, ni da ɗansa. Ɗan bai dawo ba. Yarinyar kuma ciwon sanƙarau ya ɗauke ta kafin jirginmu ya iso Ikko. Da na dawo, tsohon ya kira ni ya ce ba shi da abin da zai biya ni gumina. Na ce ban zo karɓar komai ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu idonsa ya kusa tafiya. Bara abin da ya noma bai kai ya kawo ba. Yana da haƙƙi a rumbun nan fiye da kowa, ɗansa soja ne. Amma sai ya zo ya tsaya a layi da ƙwarya, ni ina auna masa, gari na kallo. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda nake cire takalmi tun daga bakin gonarsa. Na aika Keziah ta gwada shi da magana. Ya ce ta gaida masu bukata."

"Sai ka fasa rumbu."

"Ran kasuwa yakan tafi ya zauna wurin maƙera. Sai in zuba masa a nasa rumbun. Shi dai ya ce rumbunsa albarka gare shi."

Sufeto ya daɗe yana tauna goro. A ransa yana neman wata doka da ta ce a kyale irin wannan, bai samu ba. Ya san bai samu ba tun kafin ya fara nema.

"Kofur, ka taɓa tara kwamitinka ka gaya musu?"

"A'a."

"Kun taɓa zuwa ofis ku ce akwai tsofaffin da kunya ba ta barinsu zuwa, a yarda ku riƙa kai musu gida, ku biyu ko uku, da shaida?"

"Doka ce, Sa. A soja ba a tambayar doka."

"Ba a tambayarta, sai dai a fasa mata baya? Mutane suka yi ta don kada shugaba ya ci shi kaɗai. Kai ba ka ci ba, amma ka yi shi kaɗai, kuma daga ofis duk kamarsu ɗaya. Yanzu mata nawa ke jiran rabon nan?"

Sila ya sunkuyar da kai. "Za su rufe mu?"

"In ba a sami ɓarawo ba, za su rufe. In an samu, kuma ya ce shi kaɗai ne, kwamiti bai sani ba, ina ganin ƙungiya za ta sha. Shugabancin dai ya tafi."

"Ni kaɗai ne. Rubuta haka." Ya ɗago kai. "Sunan tsohon fa? Dole a faɗe shi gaban alƙali?"

"Ni kunnena na hagu ba ya ji sosai. Kuma ta wannan gefen ka zauna kana ba ni labarin."

Sila ya wanke hannu a ruwan da ya kwanta tsakanin kunyoyi, ya saɓa fartanya. Sufeto bai fito da ankwa ba. Suka jero kamar masu zuwa ɗaurin aure, Sila yana lissafa abin da za a gaya wa Keziah: ta tara kwamiti, su je ofis tare, kada ta tafi ita kaɗai, kuma a sake wa rumbu jinka kafin ruwan Agusta.

Hanyar caji ofis ta bi ta gaban rumbun. A gindin tsani suka ga jaki da mangala cike, Keziah tsaye ta rasa inda za ta sa idonta. Kusa da ita wani dogon tsoho ne, ya dogara da sanda, yana kallon inda ba kowa.

Sila ya tsaya cak, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa.

"Wane ne?" tsohon ya tambaya.

"Sila ne, Baba."

"Yawwa, ɗana. Na ji an ce ɓarayi sun shiga wa marayu. Mutanen yanzu ba su da kunya. Ni kuwa bana rumbuna ya ƙi ƙarewa, ga ni ni kaɗai, cikin tsoho nawa yake? Na ce a kwaso a kawo muku. Ka sa a auna."

"To, Baba."

"In kun kama shi, kar ku sassauta masa."

"An kama shi, Baba," Sufeto ya ce a hankali.

"Madalla."

Aka auna a gaban kwamiti. Ta ɗara abin da aka sata, don tsohon ya haɗa da tasa.