Matakala Arba'in da Biyu

Ni na riga kowa ganin soyayyar nan. Shekara tara ina zaman bencin asibitin ƙoda, sa'o'ina duk sun tafi ina nan daram, me zai wuce ni?

Rannan Auta ta shigo idonta jawur, ta tsaya a kan saurayinta Dogo mai gyaran agogo, abokin zamana. Ciwon ƙoda ya taɓa masa zuciya, taku goma sai haki.

Ɗan gwaggonta, da shi ma yake sonta, ya kai wa Babanta gulma cewa saurayin nata ko bene ba ya iya hawa. Su kuwa a hawa na uku suke, matakala arba'in da biyu. Baba ya ce in Dogo ya hau da ƙafarsa ya gaishe shi, ya ba shi ita. In ya kasa, magana ta ƙare.

Dogo ya ce ta haƙura da shi kawai.

Ashe likita ta yi masa tayin wani gwaji: a zuƙo ƙwayoyin halitta daga ɓargon ƙugunsa, a raine su, a mayar masa ta jijiya, ko ƙodar da zuciyar za su samu sauƙi. Ta ce babu alkawari. Shi ya ƙi, wai kada ya sa wa Auta rai a banza.

Auta ta durƙusa gabansa.

"Masoyi, agogon da kowa ya yar kai kake buɗewa ka duba... Naka ne ba za ka bari a buɗe ba?"

Ya sa hannu a takardar gwajin.

Wata bakwai tana raka shi matakalar asibiti tana ƙirgawa. Biyar. Sha ɗaya. Wani satin ya koma takwas, ta ɓuya ta yi kukanta.

Ranar hawa, a ta talatin ya tsaya ya dafa bango. Ɗan gwaggo har ya fara murmushi. Auta na sama, ta kasa kallo.

Sai ta ji sallamarsa a bakin ƙofa.

Baba ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce a cika wa surukinsa kofi da ruwa.

"Rabin kofi, Baba," in ji Auta, tana dariya tana hawaye. "Likita ta auna masa."

Mai musu ya same ni a benci ranar Talata in kai shi benen. Ya biyo bayana, mu ga wa zai fara haki.