Sunan da Dutse Ya Riƙe

Da la'asar sakaliya na dawo daga makaranta, na tarar da ƙanwata Mariyamu tsaye a ƙofar gida tana leƙen hanya.

"Yaya, Inna ba ta dawo ba hwa. Tun da hantsi ta hau dutse ɗibar ƙaron hano."

Na dubi rana, ta riga ta yi ja. Ko littattafaina ban sauke ba, na juya babur.

Ƙauyenmu, Kwarin Rema, yana gefen hanyar da manyan motoci ke bi daga Jibiya su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. A bayansa akwai jerin duwatsu masu kawuna bakwai, huɗu a ƙasarmu, uku a Nijar. Tsofaffi suna ce musu Ma'aji. Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma a lokacin ina ji da boko ba kaɗan ba. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa narkakken dutse ne ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ke kansa har ya fito fili. Zafin rana da sanyin asuba su ke sa shi ɓarewa kamar albasa. Duk wannan na sani a takarda. Inna kuwa shekara arba'in tana hawansa, tana tsaga jikin itacen hano tana tara ƙaronsa, matan Maraɗi su saya su yi turare.

Doka ɗaya ce a Ma'aji: ba a kiran mutum da sunansa na yanka. Makiyaya fito suke wa juna. Mafarauta su ce, "Kai mai jar hula." Ni dariya abin yake ba ni. Mako uku kafin ranar nan na kai ɗalibai gindin kai na huɗu, inda dutse ya rabe biyu, wurin da ake kira Tsaga, don in nuna musu amsa-kuwwa. Na tafa hannu, tafin ya dawo sau uku. Sai na ɗaga agogo don auna lokaci, na cika ƙirji, na ƙwalla kiran sunana.

"Yahya!"

Muka jira. Babu abin da ya dawo. Na ce musu iska ce ta sauya, na yi ta zuba bayani, amma ban sake kira ba. Da na ba da labari a gida ina dariya, Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta dubi Mariyamu.

"Gaya ma yayanki kar ya sake hawa."

Haka take magana da ni. Ni ne ɗanta na fari, ga shi kuma sunan surukinta aka sa mini. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wanga," ko "yayanku," shi ke nan. Na san kunya ce, ba ƙi ba. Amma gaskiya abin yana ci mini rai. Tun ina yaro, in na ji ta cika baki ta ce "Mariyamu," sai in tashi in bar wurin.

Na ajiye babur a inda hanya ta ƙare, na fara hawa da ƙafa. Dutsen yana mayar da zafin da ya sha tun safe, ina jin sa ta cikin takalmi. Daga can nesa ana jin ƙahon motocin da ke layi a kan iyaka. Na wuce kwarmin da ruwan damina ke kwanciya, na wuce gamjin da saiwarsa ta ratsa dutse ta fasa shi. Zarnin fitsarin rema ya fara dukan hancina. Ga farin zanensa nan a jikin duwatsu, inda suka yi shekaru suna yi a wuri ɗaya.

Rema, mai kama da zomo, dabba ce mai tsoro. Da ta hango mutum sai babbarsu ta yi tsuwa, duk su faɗa ramuka. Ranar nan na iske su jere a kan falalen dutse, sun fi ashirin. Na wuce dab da su, ko ɗaya ba ta motsa ba. Duk sun ba ni baya, suna fuskantar Tsaga.

Hazbiyoyi ba su dawo makwancinsu ba. Jemagu sun fara fitowa daga kogunan sama kamar kullum, amma da sun zo daidai bakin Tsaga sai su rabu biyu, su kewaye.

A nan na ga ƙwaryarta a kife, ƙaro ya watse. Kusa da ita ga takalminta ƙafa ɗaya.

"Inna!"

Muryata ta fita, ba ta dawo ba. Na saurara. Ƙahon motoci ya ɗauke. Na san lokacin kiran magariba ya yi, amma ban ji shi daga ko'ina ba.

Sai na ji an ce, a hankali, daga cikin Tsaga:

"Yahya."

Muryarta ce. Har da 'yar dishewar nan da hayaƙin murhu ya bar mata.

"Yahya, taho ka kama ni. Na gurɗe ƙahwa."

Wallahi ban ji tsoro ba. Daɗi na ji. Hawaye suka zubo mini, ni da gemuna. Shekara talatin da huɗu ina jiran wannan kalma.

Na shiga.

Da farko mutum biyu za su iya jerawa. Bayan taku goma kafaɗuna suka fara gogar bango. Iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, tana ɗauke da ƙamshin turaren hano, irin na ɗakinta. Sama ta koma wani ɗan siririn zare. Na dafa bango. A waje dutse yana da kaushi. Wannan sumul yake, da danshi.

"Yahya. Kana ji na? Amsa mini mana."

Na buɗe baki. "Na'am" ta riga ta hau harshena.

Wata 'yar tsakuwa ta same ni a gadon baya.

"Kai wanga."

Raɗa ce, daga bayana, can bakin Tsaga.

"Ruhe bakinka. Ja da baya. Kar ka juya."

Na tsaya cak. Murya ɗaya ce, a gabana da bayana.

Ta gaban ta ce, "Yahya, ɗana, kar ka saurare ta. Ni ce nan."

Sai na tuna shekarar da sanƙarau ya kwantar da ni, har aka fara cire rai. Kwana uku Inna tana zaune a kaina, ba ci ba barci. Abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Kai wanga, buɗe ido." Matar da ba ta faɗi sunana a bakin mutuwa ba, ba za ta faɗe shi don gurɗewar ƙafa ba.

Na rufe baki. Na ja ƙafa ɗaya baya.

Iskar ta tsaya. Sannan ta juya, ta fara ja ciki. Rigata ta manne mini a baya.

Taku biyu. Uku.

Bangon ya matse kafaɗuna, ya saki. Ya sake matsewa.

"Yahya."

Yanzu a kunnena take. Na ji ɗumin numfashi a wuyana. Ƙamshin turaren ya koma warin tsohon rami.

Na runtse ido, ina karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, tana kakkatsewa. Na ci gaba da ja da baya. Fatar kafaɗata ta sale. Wani hannu ya cafki idon sawuna ta baya, mai kaushi, mai danƙon ƙaro, ya fizge ni. Na faɗo waje a kan duwawuna.

Inna ce, kwance a kan cikinta, ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum. Da rarrafe ta zo daga ƙarƙashin saiwar gamji. Ta ɗora yatsa a leɓenta. Na goya ta, na fara sauka. Remar nan suna nan yadda na bar su.

Sai da muka wuce kwarmin ruwa ta sa baki a kunnena.

"Tun azahar nike jin shi yana koyo. Da muryar marigayi babanku ya hwara. Da na ji tawa ta hito, ƙahwata ta zame."

"Na kira ki, Inna. Don me ba ki amsa ba?"

"Duk abin da na ce ɗauka yake."

Ba ta rufe baki ba muka ji shi daga sama, a hankali, cikin raɗa.

"Kai wanga. Ja da baya."

Hannuwanta suka shaƙe mini wuya. Ban san yadda na sauko sauran dutsen ba. Na dai san lokacin da ƙafata ta taka yashi, sai ƙarar motoci ta dawo mini gaba ɗaya, ana sallame salla a masallacin ƙauye.

Kafin in ɗora ta a babur ta riƙe hannuna. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo.

"Ka yi mini alkawari. Duk ranar da ka ji na kira ka da wancan suna, ko a ina ne, kar ka amsa."

Na ce na yi.

Ba ta sake hawa Ma'aji ba, ni ma haka. Amsa-kuwwa a allo nake zana wa ɗalibai yanzu. Da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro, muka tattara muka dawo cikin Jibiya, inda ko kan duwatsun ba a hangowa.

Bara ciwon ajali ya kama Inna. Ranar ƙarshe, dab da magariba, ina zaune a bakin gadonta da kofin ruwa, Mariyamu tana mata fifita. Ɗakin yana ƙamshin hano. Mariyamu ta ce ita ta sa turaren a garwashi tun da rana, kuma na yarda.

Inna ta buɗe ido. Ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ga leɓɓanta sun motsa.

"Yahya."

Na ajiye kofin.

"Yaya, kai take kira," in ji Mariyamu. "Amsa mata mana."

Na kasa. Kafaɗuna suka ɗauki sanyi, kamar bangon nan ya sake matse ni.

"Yahya," ta sake cewa, ƙasa-ƙasa.

Na yi shiru. Ta daɗe tana kallona, sannan ta lumshe ido. Ba a kira isha ba ta cika.

Mariyamu ta rantse ta ga murmushi a fuskarta, ta ce gwada ni ta yi, ta ga na riƙe alkawari. Allah Ya sa haka ne. Ni ban ga murmushi ba. Abin da na gani shi ne uwata ta ajiye kunyar shekara arba'in da uku, ta kira ɗanta sau biyu, tana jira.

Kalma ɗaya ce, na'am. Har yau tana nan a bakina.