Wa Ya Kwashe 'Ya'yan Shahon Hawa na Tara?

Ranar Asabar tun rana ba ta yi zafi ba, Mushe Natanayel ya kafa kujerarsa a gindin bishiyar bedin da ya saba zama, ya ɗaga madubin hangen nesa ya saita shi ga hawa na tara na dogon benen da ke tsallaken titi a unguwar Plateau ta birnin Yamai. Sheƙar wayam. 'Ya'yan shaho biyu da ya bari jiya da safe, farare sol da gashin jarirai, babu ko ɗaya. Uwar tana ta kewaya benen tana kuka, ta sauka a kan dakalin da sheƙar take, ta leƙa, ta sake tashi.

Ya goge madubin da bakin rigarsa ya sake dubawa.

Natanayel mutumin Dogon Dutsi ne, shekara talatin da huɗu ya yi yana shan ƙurar alli a lakkol, yana koyar da yara, kafin ya yi ritaya. Shekara shida ke nan yana kallon shahon nan da mijinta, yana rubuta komai a wani tsohon kaye, littafin rubutu mai baƙin bango: ranar ƙwai, ranar ƙyanƙyasa, abin da aka kawo aka ci. Masu wucewa sun daɗe da yanke masa hukuncin taɓin hankali, shi kuwa ko a jikinsa. Idan wani ya roƙi ya leƙa, yakan miƙa masa madubin, amma igiyar tana wuyansa, sai mai kallon ya sunkuyo har kuncinsu ya kusa haɗuwa. Minti ɗaya, ya janye abinsa. "Tsuntsayena," haka yake kiransu, kamar shi ya yi kwancin ƙwan.

Abin da ya tayar masa da hankali yana cikin kayen. Shekara huɗu da suka wuce hankaki sun cinye 'ya'yan, uwar ta yi kwana uku tana wannan kukan, a na huɗu ta bar benen, kuma sai da aka yi shekara biyu sheƙar tana kango. Idan jiya aka kwashe su, zuwa Litinin ta tafi. 'Ya'yan kuma kwanansu ashirin da biyu ne kacal. A hannun wanda bai san abincinsu ba, ba za su kai Litinin ɗin ba ma.

Ya tsallaka titi wurin Sumana, Bazabarmen da ke gadin benen.

"Fofo, Mushe. Lafiya na gan ka haka?"

"Ba lafiya ba. Wa ya hau sama jiya?"

"Sama? Ba kowa. Makulli yana wurina."

"Kullum yana wurinka? Har lokacin Jumma'a?"

Sumana ya sosa ƙeya. "To, in zan tafi masallaci nakan rataye shi bayan kalanda cikin ɗakin gadi. Kar ya faɗi wajen alwala. Shekara goma haka nake yi."

"Wa ya san da haka?"

"Duk mai zama a bencina ya sani, Mushe. Kai ma ka sani."

Gaskiya ne, ya sani. Suka hau tare. Asansar, na'urar hawa benen, ta mutu tun watan jiya, don haka da ƙafa suka taka hawa tara, tsohon yana hutawa a kowane hawa yana zagin gwiwoyinsa. Kwaɗon ƙofar rufin lafiyarsa lau, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Natanayel ya durƙusa ya leƙa dakalin da ke ƙarƙashin tankin ruwa. Shaho ba ta saƙa sheƙa da ciyawa, kan tsakuwa take saka ƙwai, kuma tsakuwar tana nan yadda take. Babu farin gashi a warwatse, babu ƙashi. Hankaka ko mage ba sa cin abu su share wuri. A kan katangar da mutum zai jingina ƙirjinsa idan yana miƙa hannu ƙasa, akwai ɗigon jini uku da suka bushe, sai na huɗu a bakin ƙofa.

Sumana ya ce, "Jinin tsuntsun ne?"

Natanayel ya kai hannu ya shafa wani tsohon tabo a tsakiyar kansa. Uwar ta zo ta wuce musu da gudu har suka ji iskarta, suka yi maza suka sauka.

Wanda kowa zai fara zargi shi ne Abdulrazak, mai kiwon tattabaru a bayan benen, wanda ya sha rantsuwa zai sa wa shahon nan guba. Natanayel ya same shi yana zuba musu gero.

"An kwashe 'ya'yan," in ji tsohon.

"Alhamdu lillahi! Tattabara goma sha ɗaya ta ci mini bana." Ya dubi fuskar Natanayel sai ya rage murya. "Amma ba ni ba ne, Mushe."

"Ina kake jiya tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi?"

"Ina zan kasance? Masallaci. Sahu ɗaya muka yi da Sumana, tare muka dawo, har na saya mishi ruwan leda. Tambaye shi."

"Cire hularka in gani."

Abdulrazak ya yi dariya ya cire. Kansa sumul, ko ƙwarzane babu.

"Kuma Mushe, ni da zan hau can, mi zan yi da su da rai? Wurgo su zan yi ƙasa, ka tsince su a titi."

Maganar ba daɗi, amma ta shiga hankali. Sumana ya tabbatar da batun sahu. Natanayel ya rubuta a kayensa: wanda ya hau bai je Jumma'a ba, ya san inda makulli yake, kuma da rai yake son su. Ya daɗe yana kallon layin farko, don bai so inda yake nuna masa ba.

Da la'asar ya hau taksi zuwa kasuwar Petit Marché. Ya bi masu sayar da fatu da kawunan tsuntsaye na magani, kowa ya ce ba a kawo masa tallan ɗan shaho ba. Ya bi mahauta, ba wanda ya lura da wani baƙon abu. Ya gaji ya zauna a rumfar Zeinabu mai kaji da tattabaru, wadda ya koyar da 'ya'yanta biyu.

"Baba, ɗan shaho kam ba a kawo mini ba," in ji ta tana miƙa masa ruwa. "Amma jiya na ga abin mamaki. Wani ya sayi 'yan shila biyu, aka yanka, na ɗauka zan fige, ya ce kar in kuskura. Wai da gashinsu yake so. Har wanda ya zuba ƙasa sai da ya tsince. Yau da safe ma ya komo ya sayi biyu."

Natanayel ya ajiye kofin.

"Kin san shi?"

"Ina zan san shi? Da kask ɗin moto, hular kwanon nan ta masu babur, a kansa ya zo, cikin zahin nan, bai cire ba har ya tahi. Na ce malam, kanka bai dahu ba? Bai yi dariya ba. Hausar Maradi dai gare shi."

Tsohon ya yi godiya ya fito, zuciyarsa ta yi nauyi. Wani ɓangare nasa ya ji sanyi, domin 'ya'yan suna raye kuma ana ba su abin da ya dace. Amma jahilin ɓarawo hanta zai saya, ko tsoka zalla, ya kashe su da ita a hankali. Sanin cewa ɗan shaho yana bukatar gashi da ƙananan ƙasusuwa a abincinsa ba abin da ake ji a rediyo ba ne. Shi kansa sai da ya shekara uku yana kallo kafin ya gane. Kuma mutum uku kaɗai ya taɓa faɗa wa, 'yan majami'arsu da ke zuwa gindin bedi ranar Alhamis: Priska ma'aikaciyar jinya, dattijo Iliya, da Gideyon tela, tsohon ɗalibinsa. Priska mace ce, mai kask kuwa namiji. Saura biyu, dukansu mutanen Maradi.

Bai yi barcin kirki ba. Ya san dai gobe Lahadi ce, kuma a majami'a namiji ba ya zama da hula.

Da safe ya zauna a bencin baya, inda bai saba zama ba. Dattijo Iliya ya shigo ya cire hularsa tun daga bakin ƙofa, sanƙonsa yana ƙyalli lafiya lau. Mawaƙa suka tashi. Gangar da Gideyon ya shekara goma sha biyu yana kaɗawa, yau wani ne riƙe da ita, yana ta ɓata kiɗan. Natanayel ya leƙa ta taga. Gideyon yana tsaye a waje a inuwar katanga, da hular saƙa ja har kunne, yana bin waƙar da leɓe.

Tsohon ya fita ya tsaya kusa da shi.

"Ba ka shiga ba."

"Ciwon kai, Mushe. Iska nake sha."

"Da hular sanyi, a watan Maris?"



"Shekarar da na fara kallonsu na hau sama don in ƙirga ƙwai," in ji Natanayel. "Ta bayana uwar ta zo. Ba ta dukan fuska, tsakiyar kai take nema. Ɗinki huɗu aka yi mini." Ya sunkuyar da kansa ya nuna tabon. "Naka nawa ne?"

Hawaye ya cika idon Gideyon. Ya zare hular. Filasta ce doguwa daga tsakiyar kai zuwa ƙeya, jini ya huda ta.

"Ban je an ɗinke ba. Na ji tsoron in haɗu da Priska."

"Suna ina?"

"Gida. Lafiyarsu lau, Mushe, wallahi. Da gashi nake ba su, yadda ka ce."

"Na sani. Shi ya kama ka. Ka jira Sumana ya tafi masallaci, don ka san bayan kalanda. Ka bar jininka a katanga. Ka ɓoye kanka a kasuwa, amma ka yi abin da mutum uku ne kawai suka sani a Yamai. Yau kuma ka gwammace ka bar gangarka da ka cire hula. Wa ya yi maka cinikinsu?"

"Ba kowa. Ba sayarwa zan yi ba."

"To don me?"

Gideyon ya goge fuska da hular. A cikin majami'a an fara addu'a, don haka da raɗa ya yi maganar.

"Shekara biyar ina rufe shago ina zuwa gindin bedin nan. Ban taɓa ganinsu ya wuce minti ɗaya ba, shi ma a sunkuye, igiya a wuyanka, kana cewa 'ya isa haka'. Ni ma ina son su, Mushe. Ina so ne in gan su da idona, in zauna in kalle su har in gaji. Na ce in na raine su, za su zama nawa."

Natanayel ya zo da faɗa cike da bakinsa, irin wanda ya saba yi wa ɗalibai. Sai ya nemi faɗan ya rasa. Kunya ce ta kama shi, kunya sosai.

"Tada moto," kawai ya ce.

A gidan Gideyon da ke unguwar Dar es Salam suka same su cikin kwali a bayan keken ɗinki, an shimfiɗa musu ƙyallaye, cikinsu fam. Suka buɗe baki suna hura wa tsohon iska. Karo na farko ke nan da ya gan su a kusa, ya ga idanunsu baƙi wuluk da ƙafafun da suka yi musu girma. Bai taɓa su ba.

Da Sumana ya ga kwalin, sai ya miƙa makulli, ya kuma cire kalandar daga bango. Gideyon ya sa kask ɗinsa ya hau shi kaɗai. Daga ƙasa Natanayel ya ga hannunsa ya sauke ɗaya a kan dakalin, ya sauke na biyu, uwar tana kai masa duka a kan kask ɗin har sau uku.

Sannan ta tashi ta yi wajen kogi, ta ɓace.

Suka zauna a gindin bedi. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. 'Ya'yan suna can a rana suna haki. Gideyon ya tambaya ko za ta karɓe su, tsohon ya ce bai sani ba, wannan babu shi a kayensa.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi wani ɗigo ya taso daga yamma, ƙasa-ƙasa, da nauyi. Natanayel ya ɗaga madubin. Ita ce, da tattabara a ƙafarta. Abdulrazak zai yi kwanan baƙin ciki. Ta sauka a kan dakalin, ta tsaya tana kallon 'ya'yan, ta taka ɗaya, biyu, ta sunkuyar da kai ta fara fige gashi.

Shekara shida bai taɓa kuskure ganin ciyarwa ba. Ya sauke madubin daga idonsa, ya cire hularsa, ya zare igiyar daga wuyansa ya rataya ta a wuyan Gideyon.

"Kalla," ya ce. "Ka faɗa mini wanne ta fara ba, ni zan rubuta."