Almakashi da Hotunan Kaka

Akwai wata yarinya mai son kwalliya. Ko littafin lissafinta sai ta zana masa fure.

Mamarta tana aiki a ofishin hasashen yanayi. A ɗakin Mama akwai akwati mai hotuna talatin na tafkin garinsu. Tauraron ɗan Adam ne ya ɗauko su daga sama. Marigayi Kaka, mahaifin Mama, shi ya tara su, duk shekara hoto ɗaya. A gefen kowanne ya rubuta shekarar da hannunsa.

Wata rana a makaranta Malama ta ce kowa ya kawo aiki a kan sauyin yanayi. Yarinya ta buɗe akwatin don ta yi aikin da hotunan, ba ta tambayi kowa ba.

"Wannan tsohon rubutun ya ɓata hotunan," in ji ta. Ta ɗauko almakashi ta yanke gefen tas, ta zuba a kwandon shara.

Da Mama ta dawo ta gani, sai ta zauna a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Hawaye kawai ke zuba.

"Mama, ai hotunan suna nan lafiya!"

"To wanne ne na farko, 'yata? Wanne ne na bana?"

Yarinya ta duba, ta kasa bambance su.

"Hoto ɗaya rana ɗaya yake nunawa," in ji Mama. "Sai an jera su shekara bi shekara ake gane tafkin yana ƙafewa. Jibi zan nuna wa shugabannin gari, ko sa cece shi. Kuma rubutun Baba ke nan da ya rage mini."

Yarinya ta fashe da kuka. Da faɗa aka yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta ruga wajen kwandon shara. Allah ya taimaka, ba a zubar ba.

Mama ta ɗaga yanki ɗaya, ta share hawaye. "Mun ci sa'a, ba ki iya yanka a miƙe ba. Kowane yanki da irin karkacewarsa."

Suka zauna suna gwada kowane yanki da hotonsa har la'asar, suna liƙewa da gam. Da aka jera su, yarinya ta riƙe baki.

"Mama, tafkin nan ƙanƙancewa yake yi!"

"Abin da Kakanki ya so a gani ke nan."

Shugabannin gari ma sun gani, suka tashi tsaye don ceto tafkin. Mama ta dawo gida ta rungume 'yarta.

Tun daga ranar, yarinyar ba ta taɓa kayan wani sai ta tambaya. Matambayi ba ya ɓata.