Get ɗin Hajiya Amama da Ke Buɗe Kansa

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Hajiya Amama ta shigo caji ofis mayafi a karkace, tana jan wani saurayi da hannun riga. Ko sallama ba ta yi ba, ita da take gyara wa mutane sallama. Ta ce ragon sunan jikanta ya ɓace daga tsakar gida, suna kuwa jibi Lahadi.

Sufeto Mashud ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Dole ya miƙe. Shekarar da uwarsa ta kwanta jinya, tuwon gidan Hajiya ya ci har ya yi kumatu, irin wannan kuwa ba a mantawa ko an jera wa mutum taurari a kafaɗa.

"Mma, sha ruwa tukuna. Wa kike zargi?"

"Ni ban zargi kowa ba. Mutanen lungu ne suka zarga. Na kawo shi nan kafin su fasa masa kai."

Saurayin shi ne Basit, mai haɗa get na lantarki, irin wanda ake danna rimot ya ja da kansa. Jikan marigayiya Rafi'atu ne, wadda ta taya Hajiya zaman takaba tun daga farko har ƙarshe. Da ɗan Hajiya, Fuseini, ya aiko daga Jamus a sa wa gida get, ita ta rantse ba mai taɓa aikin sai Basit. Daga nan ƙofar aiki ta buɗe masa a unguwarsu ta Maamobi. In aka ce ɓarawo ne, ba mai sake ba shi ko ƙusa ya buga daga nan har New Town.

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira kofur, suka bi Hajiya a ƙasa, don mota ba ta da amfani a wannan cunkoso.

Gidan na cikin wani matsattsen lungu, mota ɗaya ce take shiga, ita ma sai an naɗe madubi. Sufeto ya duba katanga, kwalaben da aka kafa a kai ba wadda ta goce. Ya duba get, ba alamar an ɓalle. Igiyar rago tana nan a turke, kwance ta aka yi, ba yanka ba. Sawun kofato ya bi ta bakin get ya fita kamar an yi masa rakiya.

Rimot biyu ne a gidan. Na Hajiya yana ƙulle a bakin zaninta tare da goro, da shi ta tafi masallaci. Na surukarta Nasira, mai jego, yana ƙarƙashin filo; ta ce tana ɗakin ciki da jariri, fanka na gudu, ba ta ji komai ba. Hajiya ta ƙara da cewa ragon fari ne, da hantsi ta shafa masa lalle a goshi da gadon baya, ko bushewa bai yi ba.

Sufeto ya juya ga Basit. "Kana da rimot na uku?"

"Wallahi ba ni da shi, Oga."

Kofur ya zazzage jakar aikinsa. Rimot ya faɗo a kan siminti. Mutanen da suka cika bakin get suka ɗau gunaguni. Sufeto ya ɗauka, ya danna, ya sake dannawa. Get ko motsi bai yi ba.

"Sabo ne, ban koya wa kowane get shi ba," in ji Basit. "Tsoro ya sa na yi ƙarya."

"Tsoro ya kusa kai ka sel. Buɗe min akwatin nan, ka nuna min yadda get yake sanin rimot."

Basit ya tsuguna gindin get, ya kwance murfin akwatin injin. Ya nuna wani ɗan allo mai wayoyi, ya ce nan ne ƙwaƙwalwar. Akwai maɓallin koyo. In ka danna shi, wata 'yar fitila ta kama, sai ka danna rimot, fitilar ta yi ƙyaftawa, shi ke nan get ya haddace shi. Muddin fitilar na kunne, duk rimot irin nasa da aka danna kusa, karɓa zai yi, ba ya tambayar na wane ne.

Sufeto ya ce ya duba nawa get ɗin ya haddace. Basit ya danna, ya ƙura ido, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Uku allon ya nuna. Shi kuwa ya san biyu ya koyar.

Hajiya ta ja Sufeto gefe, ta rage murya. Ta ce akwai abin da ba ta faɗa ba. Tun da aka sa get ɗin, yakan buɗe da kansa, wani lokaci da safe, wani lokaci da yamma. Ta ɗauka mutanen ɓoye ne, har ta sa malam ya zo ya yi addu'a, aka yi turare.

"Me ya hana ki gaya wa mai aikin, Mma?"

"In ce wa jikan Rafi'atu aikinsa bai yi ba? Gara in ce aljanu ne. Su ba sa jin kunya."

Sufeto ya danne dariya, ya fita bakin lungu wurin Suweiba mai sayar da wake da shinkafa. Teburinta na kallon lungun gaba ɗaya, kuma ba ta taɓa barin ido ya yi zaman banza. Ta zuba masa ba tare da ya tambaya ba, ta ɗora ƙwai.

Ta ce ai ita ta daɗe tana kallon ikon Allah. Get ɗin Hajiya da na Alhaji Saddique, wanda yake fuskantarsa, kamar mata da miji suke. In na Alhaji ya buɗe baki, na Hajiya sai ya amsa. Ta ɗauka haka Basit ya haɗa su, don zumuncin maƙwabtaka.

"Ranar da aka sa get ɗin Hajiya, kina nan?"

"Wa ba ya nan? Duk lungu ya fito, kowa na ba da shawara. Alhaji Saddique ya tsaya a kan yaron nan da rimot ɗinsa, yana buɗe nasa yana rufewa, wai a dai san nasa ne na fari a unguwa."

"Yau fa, lokacin huɗuba?"

"Sun buɗe su biyu. Motar Alhaji ta fito da baya, ta tsaya, can ta wuce. Ina auna wa mutane abinci, ban ga abin da aka sa a ciki ba."

Alhaji Saddique kuwa yana Kumasi tun makon jiya, wajen rasuwar yayansa. Mota da rimot suna hannun direbansa Ganiyu.

Sufeto ya ajiye cokali, ya je ya ƙwanƙwasa. Ganiyu ya fito da carbi a hannu, yana ja da sauri fiye da yadda ake ja. Ya ce shi yana masallaci, sahun gaba ma, mota kuwa tun tafiyar Alhaji ba ta motsa ba.

"Yoo. Ara min rimot ɗinka."

Ganiyu ya ciro daga aljihu. Sufeto ya tsaya tsakiyar lungu inda kowa ke gani, ya danna sau ɗaya. Get ɗin Alhaji ya fara ja. A bayansa, get ɗin Hajiya ya yi ƙara, shi ma ya bi sahu.

Basit ya dafe kai. Ranar da fitilar koyo take kunne, Alhaji na tsaye a kansa yana danne-danne, get ɗin Hajiya ya haddace rimot ɗin maƙwabci.

"Ni ban san haka yake yi ba," in ji Ganiyu.

"Kullum kana fita da mota, get na buɗewa a gaban idonka, ba ka sani ba? Mu ga motar."

Injin da sauran ɗumi. Fitilar gaba ta hagu a fashe take, an rufa mata tsumma. Kofur ya buɗe ƙofar baya. Kan farar kujerar Alhaji ga jan lalle shafe-shafe, a ƙasa ga 'yan ƙwayoyin kashin rago.

"Motar ce ta ƙunsa lalle, Ganiyu, ko ita ma za ta suna?" in ji Sufeto.

Carbin ya tsaya. Ganiyu ya durƙusa, ya ce shekaranjiya ya ɗauki motar ba izini, ya bugi bayan trotro, motar haya, a shataletalen Circle. Alhaji zai dawo Litinin, Alhaji kuwa ya fi son motar nan da abincinsa. Wani makaniki a New Town ya ce in ya kawo rago zai sa masa sabuwar fitila. Ya ce ya daɗe da lura da get ɗin, bai taɓa sa wani abu a ransa ba sai yau da ya ji lungu ba kowa.

"Da aka taso wa Basit fa, kana ina?" in ji Sufeto.

Ganiyu ya sunkuyar da kai. "Ina leƙe ta taga."

Kafin la'asar kofur ya dawo da rago a bayan keken kaya, ragon yana tauna ɓawon ayaba kamar ba shi ya tayar da unguwa ba. Nasira ta fito da jariri a kafaɗa ta ga ragon ɗanta. Waɗanda suka so dukan Basit suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, Hajiya ta kira su da sunayensu da sunayen iyayensu, ta sa kowa ya ba shi hannu.

Basit ya ce kuskuren nasa ne, da ya duba allon ranar nan da ya gani. Ya goge ƙwaƙwalwar get ɗin tas. Kafin ya sake koya masa, Hajiya ta tsaya bakin lungu da sandarta, ta ce duk mai rimot, ko na talabijin ne, ya koma bayan teburin Suweiba. Aka koyar da biyu. Allo ya nuna biyu. Sufeto ya danna na Alhaji, get ɗin Hajiya ya yi kunnen uwar shegu.

Kofur ya sa wa Ganiyu ankwa. Da za su wuce, Hajiya ta tare su. Ta daɗe tana kallon Ganiyu. Uwarsa ce ta goya Fuseini a baya shekarar da ambaliya ta shiga gidajen bakin gota, babban magudanar ruwan unguwa, ruwa har ƙirji.

"Sata ka yi, za ka je ka amsa, ba zan hana ba," in ji ta. "Amma jibi zan aiko maka da naman ragon nan har inda kake. Ka ci, don uwarka."

Ganiyu ya fashe da kuka, kofur ya ja shi suka fita lungu.

Sufeto ya gyara hularsa, ya rusuna zai yi sallama. "Mma, yau dai na biya tuwon nan ko?"

Hajiya ta ɓantari goro, ta ƙulle rimot a bakin zani.

"Miya ka biya, Mashudu. Tuwo yana nan. Jibi ka zo da wuri, kai za ka riƙe ƙafar rago."