Wayar da Ta Tsallaka Lungu

Ƙafafunsa Lubabatu ta fara gani kafin ta ga fuskarsa. Yana bisa tsani a ajin da take koya wa yara karatun Alƙur'ani a Dogon Dutsi, kansa da kafaɗunsa sun shige cikin rufin ɗakin.

"Malama, don Allah kada kowa ya taɓa makunnin nan," in ji wata murya daga sama. "Ina riƙe da waya."

Ta matsa da sauri ta tare makunnin da bayanta, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Da ya sauko, sai ta ga dogon saurayi cikin shuɗiyar rigar aiki, yanar gizo ta lulluɓe masa gira. Ya ce sunansa Abdulmajid, ɗan Kiyeshe ne, ɗalibi a santir ɗin koyon sana'a, sashen wutar lantarki. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta sa shi a kan allo.

Ba a jima ba saƙo ya fara shiga tsakaninsu.

"Malama Luba, fitilar ajinku tana kamawa?"

"Tana kamawa."

"To ko ta lalace in zo in duba?"

"Na ce maka lafiyarta lau."

"Kash. Ban ji daɗin wannan labari ba."

Ta kife wayar a cinyarta tana murmushi ita kaɗai.

A zancensu na ƙofar gida ta san irin hanyar da yake bi. Ya gama shekarun aji da na ɗakin gwaji, yanzu yana koyon aiki a hannun wani maigida da ke ja wa sababbin gidaje waya. Abin da ya rage masa jarabawar CAP ce, ta samun takardar shaidar sana'a, rubutu da aikin hannu. In ya ci, zai iya karɓar aikin gida da sunansa, ya buɗe wurinsa. In ya faɗi, ya koma ɗan ɗauko wannan, miƙo wancan.

"Kuma ba mai ba ɗan ɗauko wannan 'yar Alhaji Ɗayyabu," ya ce.

"Wa ya ce za a ba ka ko ka ci?"

"Lubana, kada ki kashe ni da raina."

Gaskiyarsa. Alhaji Ɗayyabu ɗan kasuwar hatsi ne, kuma zuciyarsa ta fi karkata ga Sharif, ɗan amininsa, mai sayar da firiji da fanka a bakin kwalta. Ana dab da azumi, zafi ya fara gashi, Sharif ya aiko wa Inna, mahaifiyar Lubabatu, babban firiji kyauta don ta yi sana'ar ƙanƙara. Aka kai shi sabon shagon Alhaji da ke tsallaken lungu. Sai dai shagon ba wuta. An nemi kwantar, wato mitar wuta, wurin kamfanin lantarki, ba ta zo ba tukuna.

Wata la'asar Alhaji ya sa aka kira Abdulmajid zaure. Lubabatu ta laɓe bayan labule.

"Aiki kaɗan na kira ka," in ji Alhaji. "Ka jawo mini waya daga gidan nan, ta bisa lungu, ta shiga shago. Kahin kamfani su waiwaye mu."



"Baba, ka yi mini aikin gafara," in ji Abdulmajid yana durƙushe. "Wannan jonin an hana shi. Tun ranar da muka shiga santir aka ce duk ɗalibin da ya yi shi, ba zai zauna jarabawa ba. Kuma lungun hanyar mutane ce. Ka bar ni in riƙa bi maka maganar kwantar kullum har ta fito."

"A zamaninmu," in ji Alhaji, muryarsa na ƙara kauri, "saurayi hauya yake ɗauka ya tahi gonar suruki, shi da abokansa, su yi noma har hannu ya tsage. Ba ya cewa an hana. Ni ban ce ka yi noma ba. Waya guda! Wanga yaro, ka dubi idona ka ce mini a'a?"

"Baba..."

"Tashi. Kada in sake ganin ka ƙofar gidana."

Lubabatu ta shige ɗaki ta ɗauko wayarta. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Waya guda ta fi ni a wurinka?"

"Ba ta fi ki ba, Lubana. In na yi ta, na rasa jarabawa, kuma in na rasa jarabawa na rasa ki. Ki ba ni lokaci."

Ta kife wayar. Da aka ce za a je sunan 'yar ƙanwar Inna a Gesheme, ita ta fara haɗa kaya, don kawai ta bar garin.

Ranar da ta dawo, ta tarar da lungunsu baƙi ƙirin da toka. Ƙawarta Balki ce ta tare ta tun daga tasha ta ba ta labari. An ja wayar bayan tafiyarta. Amalanke ya biyo lungun da lodin kara, lodin ya kamo wayar, wuta ta tashi. Allah ya tsare mai amalanken da jakinsa. Mutanen kamfani suka zo suka yanke wayar, suka ci Alhaji tara, suka tambayi wanda ya yi aikin. Wani cikin taron ya ce ai yaron santir ne mai neman 'yar gidan. Suka dubi Alhaji. Alhaji ya ce shi dai yaro ya yi masa.

"Magana ta kai wurin Mushe Usman, shugaban santir," in ji Balki, don Mushe ake ce wa malaman boko a garin. "Ya kira Abdulmajid ya tambaye shi, wai bai ce uffan ba. Jibi ake aika sunayen masu jarabawa Dosso, kuma an ce babu nasa."

Lubabatu ta ciro wayarta. Ashe saƙonta ne ya tura shi? Ashe ya lallaɓo ya yi don ita?

"Majidu, kai ka yi? Saboda abin da na rubuto maka?"

Amsarsa ta shigo.

"Wallahi ban taɓa ta ba."

"To me ya hana ka faɗa wa Mushe?"

"In na ce ba ni ba ne, na ce Baba ya yi ƙarya ke nan, a gaban mutane. Bakina ba zai iya ba. Wata shekara na zauna, in an bar ni."

Ta nufi madafa. Inna na tankaɗe, ta ƙi ɗaga kai.

"Inna, wa ya ja wayar?"

"Ke dai ki huta, kin sha hanya."

"Inna."

Inna ta ajiye rariya. "Sharif ya kawo wani mutuminsa daga kasuwa. Babanki kunyar uban Sharif yake ji. Abota ce ta tun ƙuruciya."

Lubabatu ba ta taɓa tsayawa gaban mahaifinta da wata magana da ta wuce gaisuwa da aike ba. Bayan azahar ta same shi ƙarƙashin rumfa yana jan carbi. Ta durƙusa nesa kaɗan. 

"Baba, za su cire shi daga jarabawa."

"Mi ya shafe ni? Ni ban ce shi ne ba."

"Ba ka ce ba shi ba ne."

Carbin ya tsaya.

"Ke Lubabatu, ni kike wa wa'azi?"

"A'a Baba, ni wace ce." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Kai ka kai ni makaranta, kai ka ce in koyar da yaran mutane. Gobe da wane baki zan ce musu su faɗi gaskiya? Ya san wanda ya sa aka yi, ya ƙi faɗa don kada a ji kunyarka. Ba aure na zo roƙo ba. Ko ba ka ba shi ni ba, Baba, ka mayar masa da sunansa."

Alhaji ya miƙe ya sa takalmi ya fita. Da magariba ma bai nemi ta kawo masa ruwan alwala ba.

Da safe tana shara sai ta ji ƙarar babur a zaure.

"Ɗauko hijabinki," in ji Alhaji, bai dube ta ba.

Ba ta san inda za su ba har ta hango ƙofar santir. Ɗalibai suna ɗakin gwaji, kowa gaban allon katakonsa yana jera wayoyi da makunni. Abdulmajid kaɗai ke zaune gefe, hannu ba komai. Mushe Usman ya ce su shiga ofis. Alhaji ya ce a'a, a bainar jama'a aka ɓata, a bainar jama'a za a gyara.

"Yaron ga bai ja mini waya ba," ya ce da ƙarfi. "Na sa shi, ya ƙi, na kore shi. Wani na samu ya yi. Da aka tambaye ni na bar magana ta faɗa kansa. Laihina ne."

Mushe Usman ya dubi Abdulmajid, wanda ya riga ya zube ƙasa, kai a sunkuye.

"Koma allonka," in ji Mushe. "Wa ya ce ka zauna?"

Alhaji ya juyo. "Kai kuma, mi ya hana ka buɗe baki?"

"Kunya, Baba."

"Kunya! Ina take ranar da ka ce mini a'a cikin zaurena?" Ɗalibai suka fashe da dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. "In ka ci jarabawar, ka turo magabatanka. In ka hwaɗi, kada in ga ko inuwarka."

Sharif ya ji labari, ya aiko aka ɗauke firijinsa. Inna ta ce dama ya tare mata wuri.

Ranar jarabawar aikin hannu Lubabatu ta kasa cin komai. Ta aika masa: "Bon courage, Majidu, Allah ya ba da sa'a. Kada hannunka ya yi rawa, ni ina yi maka rawar a nan." Makonni suka shuɗe, damina ta sauka, gero ya fara kai. Tana cikin aji wata hantsi wayarta ta yi motsi.

"Lubana, na ci. Baffana yana neman goro mai kyau, wane iri Baba yake so?"

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren a ƙofar gidan Alhaji Ɗayyabu. Mutanen Kiyeshe suka cika mota biyu, 'yan santir suka zo cikin shuɗayen rigunansu, Mushe Usman yana gaba. Da za a fita da amarya, Alhaji ya dafa kanta, ya sa aka kira ango.

"Ga ta nan. Yadda ka riƙe gaskiyarka a gabana, ka riƙe mini ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya tsare hannunka a wurin aiki."

"Amin, Baba," in ji Abdulmajid.

Lubabatu ta so ta amsa, kuka ya hana ta. A ƙarƙashin mayafi ta ce amin ɗinta, a hankali, sau ba adadi.