Kiɗa a Ɗakin Likitan Haƙori

Ciwon haƙori ne ya kai Auta gaban likitan. Ta daɗe tana daurewa, sai da kumatunta ya yi suntum sannan ta bar ɗalibanta ta nufi asibiti.

Tana kishingiɗe a kujera, fitila a fuska, baki buɗe, sai ta ji kiɗa na tashi daga 'yar sifika a kan kabad. Gogen Turawa ne, tsohon kiɗan nan da ake kira barok. Ta san shi tun tana rarrafe, amma waɗannan makaɗan gudu suke kamar an biyo su.

Ta ɗaga hannu. Likitan ya janye ƙarfensa da sauri.

"Da zafi?"

"Sun cika sauri," ta ce, bakinta cike da auduga.

"Su wa?"

Ta nuna sifikar da ido.

Ya sauke takunkumin fuskarsa yana kallonta. "Tunda na fara aiki, ke ce ta farko da ta kawo ƙarar makaɗana. Sauran ƙarata suke kawowa."

Ta so ta yi dariya, allura ta hana. Da za ta fita ta faɗa masa wani tsohon faifai ya nema ya ji, shi kuma ya karɓi lambarta, wai don ya ji ya haƙori.

Washegari saƙo ya shigo:

"Ya jiki? Na saurari tsohon faifan da kika ce. Da daɗi, amma kamar suna rakiyar mara lafiya."

Ta mayar:

"Da sauƙi. Naka makaɗan kuma kamar sun bar tukunya a wuta."

Daga nan musu ya zama hira, hira ta zama abin da ba a wuni ba a yi ba. Ya bayyana mata cewa makaɗan yanzu sun koma wa kayan kiɗa irin na da, masu tsirkiyar hanji, kuma su kaɗan ne, shi ya sa sautin ba nauyi. Ita kuwa ta fi son tsofaffin faifai na babban taro, sauti mai kauri kamar bargo. Ya laƙaba mata Sannu-sannu, ta laƙaba masa Sarkin Gaggawa.

A wurin Baba ta gaji wannan kunne. Tsohon direban babbar mota ne. Wata rana ya tsinci kaset a motar da aka ba shi, ya saka, shi ke nan kiɗan ya zama abokin tafiyarsa har ya ajiye aiki.

Da ta yi masa maganar Likita, ta kunna masa irin abin da yake saurare. Baba bai bari an yi nisa ba ya kashe.

"Auta, na ga abin da gudu ke yi a hanya. Wanda ba ya iya jiran goge ya gama numfashi, ina zai iya jiran mace ta huce?"

"Baba, kiɗa ne fa."

"Hali ne. Ban ga alamar haƙuri a nan ba."

Ana cikin haka abokin yayanta, dillalin motoci, ya shigo neman aurenta. Ya ji labarin Baba, ya zo yana cewa shi ma ba abin da yake so kamar kiɗan nan. Baba ya ji daɗi, ya ba shi kujera mai laushi, ya saka faifai. Kafin a kai rabi dillali ya soma minshari, har yana bin kiɗan.

Ranar ce Likita ya biyo ta layin, ya ga dalleliyar mota a ƙofar gida, ya juya. Saƙonninsa suka ɗauke. Auta ta ɗauka maganar Baba da ta gaya masa ce ta kore shi. Sai ta duba waya a tsakiyar darasi, ta ga wayam, ta rasa inda ta tsaya a allo. Da abin ya ishe ta ta rubuta:

"Ashe Baba ya yi gaskiya. Gudu ka iya."

Nan take ya amsa:

"Na ga mota a ƙofarku, na zaci an riga ni. Sannu-sannuna, in da sauran wuri, gobe ina gaban Baba."

"Mai motar barci ya zo yi. Ka zo."

Ya zo da hantsi, ya durƙusa ya gaishe shi. Auta na bayan labule, ta kasa kunne.

"Baba, alfarma ɗaya nake nema. A ji kiɗan nan nawa har ƙarshe."

Baba ya harɗe hannu, Likita ya kunna. Kashin farko ya wuce a guje, fuskarsa ba annuri. Sai na tsakiya ya shigo a hankali, goge ɗaya tal, har ana jin mai gogen yana jan numfashi kafin ya ɗora baka a kan tsirkiya, sauran suna jiransa.

Baba ya gyara zama. "Mayar da wurin nan."

Aka mayar. Ya sake saurara.

"Wannan direba ne," ya ce. "Ya taka a miƙaƙƙiyar hanya, ya rage giya a kwana. Kai ina ka fi so?"

"Nan ɗin, Baba. Gudun don a iso nan ake yin sa."

Baba ya dubi labulen. "Mai laɓe, kawo wa baƙonki ruwa. Kai kuma ka turo manyanka."

Ranar biki Goggo, yayar Baba, ta tsaya a kan cewa kiɗan da ba ganga ba kiɗa ba ne. Ango ya ce a ba shi waƙa ɗaya kacal, ya saka wata mai tsalle-tsalle. Yara suka fara juyi, 'yan mata suka bi, can sai ga Goggo a tsakiyar fili tana riƙe da gefen gyale.

"Dama don rawa aka yi shi," ango ya raɗa wa amarya.

"Kar ka gaya mata, za ta zauna."

Da taro ya lafa, Baba ya kira su gabansa. Ya yi gyaran murya, ya dubi ango.

"Ga ta nan. Ita ce ta ƙarshe a hannuna. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku tsufa tare, Ya ba ku masu yi muku biyayya."

Ɗakin ya amsa da amin. Auta ta sunkuyar da kai, hawaye da murmushi a haɗe, mijinta ya miƙo mata hankicinsa.